Dutsen guga na gawayi, na lantarki, ko a kai wa masu bugu?

Har gobe ana sayar da dutsen guga na gawayi sabo fil a kasuwanninmu, kuma ba don ado ake sayensa ba. Teloli na saye, masu wanki da guga na saye, uwar da ke haɗa wa ɗanta kayan makarantar kwana ma takan tsaya ta taya. A shagon da ke kusa kuma ga na lantarki jere cikin kwalaye, wani busasshe, wani mai fesa tururi. Mai kuɗin guda ɗaya a aljihu dole ya zaɓa, kuma na lura sau da yawa zuciya ce ke yi wa mutane zaɓin. Wani ya guji na gawayi don kada a ce masa baƙauye, wani ya rungume shi don yana tuna masa gidansu. Ina cikin masu wannan kewar. Amma in za a fitar da kuɗi, abubuwa uku ya kamata a duba: irin tufafin da ke gidan, yadda wuta take a unguwar, da wanda zai riƙa yin gugar.

Matasa da yawa ba su taɓa ganin ana aiki da tsohon ba. Ɗan akwati ne na ƙarfe mai tsini a gaba, da murfi a sama, da mariƙi na katako, da ramuka a gefe inda iska ke shiga toka ke fita. A goshin murfin akwai makulli, wanda a da yawansu an ƙera shi da siffar zakara. Mai son aiki mai tsabta ba ya hura wuta a cikinsa. A kurfoti ko murhu ake hura gawayin, sai ya kama ya yi jajir, hayaƙi ya ƙare, sannan a ɗebo garwashin a zuba, a kulle, a fita tsakar gida a riƙa lilo da shi gaba da baya har iska ta ruruta wutar.

A gidanmu yayarmu ce ke da wannan aiki ran Alhamis da la'asar, saboda kayan Juma'a. Takan ninka tsohon bargo ta shimfiɗa a kan tabarma, ta rufe shi da farin zani, ta ajiye kwanon ruwa a dama, tsumma a hagu. Mu ƙanne namu fifita ne. "Kai, ɗauko mafici, kar ka bari ya mutu." Ta jiƙa ɗan yatsa ta taɓa gindin dutsen, ta saurari ƙarar, ta goge shi tas da tsumma, ta gwada a gefen bargo tukuna. Sai ta tsoma yatsu a ruwa ta yayyafa wa rigar da ta sha sitaci ta sandare, ta ɗora. Tururi ya tashi da ƙamshin sitaci da ɗan ƙaurin gawayi, yadin ya kwanta sumul. Da kakin makaranta da rigunan Baba masu kauri take farawa lokacin da dutsen ke tashen zafi. In ɗayanmu ya miƙa mata wani abu mai laushi, sai ta ce, "A'a, ajiye wannan, ɗankwalin Inna ne, sai ya huce." In gindin ya fara cijewa ta goga masa guntun kyandir ta sake gogewa. Wanda aka gama a ninke, na mata kuma a ɗora a kabbasa a turara.

Duk wanda ya duba wannan aiki da kyau zai ga abin da dutsen gawayi ya fi na zamani da shi, wato nauyi. Kilo biyu, uku, wani ma ya haura, tun kafin a zuba garwashi. Yadin auduga da aka yi wa sitaci ba zafi kaɗai yake so ba, yana son danshi da danni. Nauyin dutsen shi ke yin dannin, hannu jagora ne kawai. Shi ya sa karin wando da aka fitar da shi yake tsayawa ƙyam har a cire wandon, shi ya sa kuma tela da ke son ɗinki ya kwanta, ko kwalar riga ta manne da abin da ake sa mata a ciki, ba ya raba shagonsa da shi ko da yana da wuta. Yawancin na lantarkin da ke kasuwa yanzu, musamman masu tururi, roba ta fi yawa a jikinsu, ba su da nauyin kirki. Mai guga shi zai danna da ƙarfinsa, kuma kafin ya gama babbar riga guda kafaɗa ta gaya masa.

Sai dai tufafinmu sun canja, dutsen bai canja ba. Zamanin da ya yi tashe, abin da ke cikin adudu da akwatin ƙarfe auduga ce kusan duka: atamfa, alawayyo, akoko, kaki, saƙi, da yadin da masaƙun Kaduna da Kano ke fitarwa tun bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Auduga na jure zafi sosai. Yau buɗe durowar kowace mace ka gani: abaya, leshi, mayafi shara-shara, doguwar riga mai duwatsun da aka manna da gam. Maza ma yadin kaftani da yawa gauraye ne da zaren roba, haka kayan makarantar yara. A jikin takardar da ke cikin wuyan rigunan kanti akwai zanen dutsen guga da ɗigo a ciki. Ɗigo ɗaya na nufin kada zafi ya wuce digiri 110, biyu 150, uku 200. Dutsen lantarki na da maɓallin juyawa mai waɗannan ɗigogi, da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai inda aka tsayar. Na gawayi ba shi da ma'auni sai kunne da hannun mai shi. A hannun gwani ba komai. A hannun ɗan koyo, taɓawa ɗaya ta isa mayafi ya tattare ya manne a gindin dutse, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa.

Ga tartsatsi. Ko gwani ba ya tsira daga shi gaba ɗaya. Ɗan ƙwayar wuta ya faɗo ta ramin gefe ya huda farar shadda a ƙirji, ko toka ta zubo a bi ta kanta da dutse ta zama baƙin layi. Mafi muni shi ne makulli ya saki ana tsakiyar aiki, murfi ya buɗe, garwashi ya watse a kan kaya da ƙafar mai guga. Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma a rufaffen ɗaki tana kawo ciwon kai da jiri, tana iya kisa. Lokacin hunturu ne aka fi faɗawa wannan, sa'ad da sanyi ke sa mutum ya ja ƙofa ya rufe taga. Gugar gawayi ta tsakar gida ce, ko rumfa, ko zauren da iska ke ratsawa. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya a bene, ko gidan haya marar fili, ga yara masu rarrafe, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa shawara.

To na lantarkin fa? Tun 1882 wani Ba'amurke mai suna Henry Seely ya yi rajistar ƙirarsa a birnin New York, kuma a ƙasashen da wuta ta zauna da gindinta an daɗe da rufe wannan muhawara. Tsabta, sauri, ga daidaita zafi. Ka tashi da asuba, cikin minti biyu ya yi zafi, ka goge riga ɗaya ka fita. Da na gawayi ba a hura wuta don riga ɗaya, sai an tara kaya, an ware lokaci. Ga ma'aikacin da ke sauya kaya kullum wannan babban bambanci ne.

Matsalarsa ita ce cin wuta. Ƙaramin dutse na jan wat 1000 zuwa 1200, masu tururi kan kai 2000 ko fiye. Ɗan ƙaramin janareton nan da ake kunna fitila da fanka da shi ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, don haka ba ya ɗaukar dutsen guga, da an jona zai shaƙe. Mai sola ma ya sani, ba abin da ke zuƙe batir kamar kayan da ke yin zafi. In imbatarsa, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, babba ce, yana iya guga da tsakar rana lokacin da farantin sola ke kawo wuta sosai, amma guga da dare a kan batir rage masa kwana ne. Sannan akwai wutar da ake kawowa ba ƙarfi. An ƙera dutsen ne don wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. In ta sauka zuwa 160, zafin da yake bayarwa kusan rabi ne kawai, sai ka ga fitilarsa a kunne amma riga ta ƙi kwanciya.

Abin da mutane ba su cika lissafawa ba shi ne, in dai wutar layi ce, guga da lantarki ba ta da tsadar da ake zato. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka ce za su riƙa samun wuta aƙalla awa 20 a rana, kuma su ne suka fi kowa biya. Dutse mai wat 1200 in ya yi awa guda cur yana ja, yunit 1.2 ke nan, wato naira 270 a wancan farashin, kuma ba ya ja cur ɗin, yana yankewa yana dawowa. Kwatanta wannan da ƙullin gawayin da za ka saya a unguwarku don gugar awa guda. Ba lallai gawayi ya fi araha ba, musamman a birni, inda tsadar gas da kananzir ta tura gidaje da yawa komawa gare shi har ya yi daraja. Abin da ba shi da ma'ana ko kaɗan shi ne tayar da babban janareto don guga kawai, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Cikin duk hanyoyin nan ita ce mafi tsada.

Kuma kada wanda ya zaɓi na lantarki ya ɗauka ya rabu da gobara. Tasa gobarar ta fi sanɗa. Ana cikin guga a ɗauke wuta, mutum ya tashi da haushi ya bar dutsen a kife a kan bargo, a jone, ya fita ko ya kwanta. Can cikin dare a dawo da wuta. Garwashi kana ganinsa, kana jin zafinsa, ba ka manta shi. Dutsen da ya huce a jikin soket kuwa ba ya tuna wa kowa komai. Wanda zai yi amfani da shi ya mai da zare filogi al'ada tun kafin ya miƙe, kuma ya daina jona shi a siririyar wayar ƙari ta arha, wadda ke yin laushi ta narke.

A cikin na lantarkin ma, ni busasshe mai nauyi nake ba da shawara, irin tsofaffin National ɗin nan da iyayenmu suka yi shekaru da su. Har yanzu ana samun masu wannan ƙira. Ba abin da ke cikinsa sai ƙarfen zafi da na'urar yanke wuta da waya, kuma duk mai gyaran fanka da rediyo a bakin titi zai iya canja su. Mai tururi na da daɗi a sabonsa, yana kuma kyautata wa kayan roba da abaya. Amma ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa na barin farin dasashi a cikinsa, ramukan su toshe, wata rana ya tofa wa farar riga ruwan tsatsa. In ya lalace ba kasafai yake gyaruwa ba. Busasshen dutse da 'yar kwalbar fesa ruwa na yin kusan duk abin da mai tururi ke yi. Kuma a guji na arha marar nauyi mai siririyar waya, araha ba ta ado.

Akwai hanya ta uku da ta girmi duka biyun a ƙasar Hausa, kuma ba ta bukatar wuta kowace iri. Wanda ya taɓa bi ta marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tana nan tun 1498, ya ji ta kafin ya gan ta: dum, dum, dum, masu bugu. Gungumen itace ne mai santsi a kwance a ƙasa, maza biyu ko fiye zaune suna fuskantar juna, kowa da guduma ta itace mai nauyi. A ɗan yayyafa wa yadin ruwa, a ninka shi, a ɗora, su yi ta saukar da gudumomin bi da bi, ɗaya na ɗagawa ɗaya na saukewa, hannu ɗaya na jan yadin kaɗan kaɗan, ba a taɓa karo. Da haka ake buga shuni a jikin rawani har ya riƙa walƙiya, irin ɗan Kura da Buzaye ke nema tun zamanin fatauci. Da haka kuma ake dawo wa shadda da ƙyallinta.

Dalilin a fili yake. Ƙyallin shadda ya samu ne daga matse zaren auduga har fuskarsa ta yi sumul. Wanki na tayar da zaren, bugu na sake kwantar da shi, ba tare da zafin da zai ƙona ko ya dusashe launi ba. Mutumin da ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi shaddar gezna, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, ya kai aka yi mata aiki, bai kamata ya miƙa ta ga yaro da dutsen gawayi ba, ko na lantarki da aka murɗa har ƙarshe. Babbar riga ta Sallah da ta ɗaurin aure wurin masu bugu ya dace ta je. Bugun ma na da iyakarsa. Yawan yinsa na cin yadi, ya fi saurin lalacewa a kan ninki, yana fasa maɓalli, kuma ba ya yi wa kayan roba komai. Ba kowace unguwa ke da masu yi ba, ga jira in Sallah ta matso. In dole sai an goge shadda a gida, a juya ta ta ciki, a ɗora farin ƙyalle a kai, a bi a hankali.

Abu ɗaya bugu ba ya yi, wanda duwatsun biyu ke yi, shi ne kashe abin da ido ba ya gani. Akwai wani ƙuda a sassan Afirka da ke yin ƙwai a kan kayan da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, musamman masu ɗan saura na fitsari ko gumi. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Zafin guga na kashe ta, haka ƙwarƙwata da ƙwanta a cikin ɗinki. Saboda haka kayan jarirai da na ciki da zanin gado, waɗanda aka fi raina wa guga, su suka fi bukatarta, musamman da damina. A gidan da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, wannan babban dalili ne na ajiye dutsen gawayi, ko da ba a damu da karin wando ba.

Na ga masu wanki da guga sun fara komawa wani dutsen da ake jona wa tukunyar gas da tiyo. Yana da nauyi, ba toka, ba tartsatsi, ana iya rage wutarsa. Ga mai sana'ar da ke wuni yana guga abin dubawa ne, muddin tiyon da mahaɗinsa masu kyau ne. Ga gida, ban ga dalilin jan tukunyar gas zuwa inda ake shimfiɗa tufafi ba.

In aka tambaye ni kai tsaye, ga yadda zan raba. Wanda unguwarsa ke samun wuta kullum, ko da na 'yan awoyi ne da ya san lokacinsu, ya sayi busasshen na lantarki mai nauyi, ya riƙa tara kaya yana gogewa in an kawo. Haka matar da yawancin kayanta abaya da leshi ne, da mai zama a ɗaki ɗaya. Wanda yake ƙauye, ko unguwar da taransifoma kan lalace a yi wata ana karo-karo, kuma kayan gidansa atamfa da yadin auduga ne, na gawayi ne nasa, kuma ba abin kunya a ciki. Randa ma ba ta bar gidajen da ke da firij ba, don ranar da aka ɗauke wuta ita ake komawa. Tela da mai wanki su riƙe biyun. Ga amarya kuwa, ina ganin iyayen da ke saka mata na lantarki a cikin kaya, su ƙara da na gawayi a gefe, sun fi hangen nesa, da sharaɗin wata babba ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake riƙe shi. Damuwata ɗaya da gawayi ita ce itacen. Na ƙirya shi ne mai kyau, maƙera ma shi suke nema don yana daɗewa bai zama toka ba, amma ƙirya ba ta girma da wuri, kuma duk mai bin hanyoyin dajinmu yana ganin buhunan da aka jera a bakin titi. Wanda yake da wuta tsayayya ba shi da hujjar ƙona gawayi don guga.

Mai zuwa sayen na gawayi ya ɗaga shi ya ji nauyinsa tukuna. Na tagulla ya fi, yana riƙe zafi kuma ba ya tsatsa, amma ya fi tsada. Na baƙin ƙarfe na da ƙarko, sai dai yana tsatsa in an bar shi a danshi, tsatsar kuma a kan farin kaya take sauka. Mai sauƙin nauyi da aka zuba da gorar ruwa saurin hucewa gare shi. A shafa gindin da tafin hannu, kada a ji kaushi ko rami. A kulle makullin a jijjiga da ƙarfi a ga ko murfi zai motsa, a duba mahaɗin baya, a tabbata mariƙin katako ne kuma ba ya girgiɗi. A leƙa ciki ko akwai 'yar ragar ƙarfen da garwashi ke zama a kai, don ita ke barin iska ta bi ta ƙasa. Kada a zuba masa kananzir, warin na bin kaya. In an gama aiki a juye garwashin a kashe shi, a kakkaɓe tokar, kada a tsoma dutsen a ruwa yana da zafi don yana iya tsagewa. A bar shi ya huce da kansa, a shafa wa gindin ɗan kyandir, a ajiye a busasshen wuri inda hannun yara ba ya kaiwa.